Yadda ɗalibi zai adana aikinsa a kwamfutar makaranta ba tare da ya rasa shi ba

Zariya gari ne na ɗalibai. Daga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, mai harabobi a Samaru da Kongo, zuwa makarantar horar da malamai ta Gyallesu da jama'a suka saba kira FCE, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da sauran ƙananan makarantu masu zaman kansu, babu inda ba a bukatar ɗalibi ya buga jinga, ko ya rubuta kundin bincike, ko ya shirya bayanin da zai gabatar a gaban aji. Amma ba kowane ɗalibi ke da kwamfutar kansa ba. Da yawa sun dogara ne ga kwamfutocin ɗakin koyarwa, ko na ɗakin karatu, ko na shagunan buga takardu da ke kewaye da makarantu, kuma a irin waɗannan wurare ne ake yawan jin kukan cewa aikin da aka shafe mako ana yi ya ɓace a dare ɗaya.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara fahimta shi ne, kwamfutar da jama'a ke amfani da ita wurin aiki ce, ba wurin ajiya ba ce. Kamar injin niƙa take: ka kawo hatsinka, a niƙa, ka kwashe garinka ka tafi, ba ka bar shi a bakin inji ka ce gobe za ka dawo ka same shi ba. Dalilan da ke sa fayil ya ɓace a irin wannan kwamfuta sanannu ne. Wasu makarantu suna sanya manhaja irin su Deep Freeze, wadda aikinta shi ne mayar da kwamfuta yadda take tun farko a duk lokacin da aka kashe ta aka kunna, don haka duk abin da aka ajiye a cikinta yana gogewa. A wasu wuraren kuma kowa da kowa na shiga ne da suna ɗaya, wanda ke nufin duk wanda ya zauna bayanka zai iya buɗe aikinka, ya gyara shi, ya kwafe shi, ko ya goge shi bisa kuskure. Akwai kuma lokacin da ma'aikata ke wanke kwamfutocin gaba ɗaya, musamman idan jarrabawar kwamfuta ta gabato ko an shiga sabon zango. Sai ɗauke wuta, wanda ba ya bukatar bayani ga duk wanda ya zauna a Zariya, sannan bairos, wato muguwar manhaja mai ɓata fayiloli, da ke yawo daga filash zuwa filash.

Mataki na farko: ka san halin kwamfutar kafin ka zauna

Kafin ka buga harafi ɗaya, ka je wurin ma'aikacin da ke kula da ɗakin, ka gaishe shi, ka tambaye shi kai tsaye: "Malam, don Allah idan an kashe kwamfutocin nan, abin da aka ajiye a ciki yana nan ko yana gogewa?" Ka kuma tambaye shi ko an yarda a sa filash, domin akwai ɗakunan da aka toshe mashigin filash ɗin saboda tsoron bairos, da kuma ko akwai intanet a ɗakin. Idan makarantar tana ba kowane ɗalibi sunan shiga da kalmar sirrinsa, ka nemi sanin ko akwai wata folda ta musamman da aka ware maka a babbar kwamfutar makarantar, wadda za ka iya buɗewa daga kowace kujera ka zauna. Idan akwai, ka tambayi girmanta da kuma lokacin da ake share ta, domin irin wannan folda tana da amfani sosai amma ba ta dawwama bayan ɗalibi ya kammala karatu.

Amsoshin nan ne za su nuna maka hanyar da za ka bi a wannan ɗakin. Minti biyu kawai tambayar za ta ɗauka, kuma ma'aikatan sun fi son ɗalibin da ya tambaya tun farko a kan wanda zai zo musu da kuka bayan aikin gama ya gama.

Mataki na biyu: ka tanadi wuraren ajiya biyu da ke hannunka

A ganina, mafi ƙarancin abin da ɗalibi zai riƙe shi ne filash guda ɗaya mai kyau da kuma adireshin imel na kansa. Filash yana aiki ko babu intanet, ma'ajiyar intanet kuma tana nan ko filash ya faɗi a cikin Keke Napep tsakanin Samaru da Sabon Gari. Kowanne yana rufe raunin ɗan'uwansa, shi ya sa ba a wadatuwa da ɗaya.

Game da filash, mai girman gigabait 16 ko 32 ya ishi yawancin ɗalibai har su gama karatu, domin rubutaccen kundi mai shafi ɗari, idan ba hotuna ne suka cika shi ba, da wuya ya wuce 'yan megabait kaɗan. Abin lura a nan shi ne na jabu. Akwai filash da ake rubuta masa girma mai yawa a jiki, kwamfuta ma ta nuna hakan, alhali ainihin abin da zai iya ɗauka kaɗan ne. Idan ka wuce wannan iyaka sai ya ci gaba da karɓar fayil kamar lafiya lau, amma ranar da ka zo buɗewa sai ka tarar da shi a lalace. Idan ka ga babban filash ana sayar da shi da arhar da ba ta dace ba, ka bar shi. Ka saya a shagon da za ka iya komawa idan an samu matsala, kuma a ranar da ka saya ka gwada shi: ka cika shi da manyan fayiloli kamar bidiyo har ya kusa cika, ka cire, ka mayar, sannan ka buɗe na farko da na ƙarshe ka ga ko duk suna aiki. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke yin wannan gwaji da kanta.

Da zarar ka tabbatar da ingancinsa, ka sauya masa suna zuwa naka, ta hanyar danna shi da gefen dama na linzamin kwamfuta ka zaɓi Rename, sannan ka ajiye wani ɗan ƙaramin fayil a farkonsa mai ɗauke da sunanka da sashenka da lambar wayarka. Filash da yawa da ake mantawa a jikin kwamfuta suna nan a aljihun teburin ma'aikata, ba don an ƙi mayarwa ba, sai don ba a san mai su ba. Ka ɗaura shi a jikin makullin ɗakinka, kuma ka riƙa rufe bakinsa, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina. Wani abu kuma: yawancin ƙananan filash suna zuwa ne da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4. Mai aikin rubutu ba zai taɓa cin karo da wannan iyaka ba, amma ɗalibin aikin jarida ko wasan kwaikwayo da ke haɗa bidiyo zai ci karo da ita, kuma maganinta shi ne a mayar da filash ɗin tsarin exFAT tun yana sabo, domin sauya tsari yana goge duk abin da ke ciki.

Game da ma'ajiyar intanet, duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta, wanda ake rabawa tsakanin imel ɗinsa da Google Drive, wato ma'ajiyar fayiloli, da Google Photos, ma'ajiyar hotuna. OneDrive na kamfanin Microsoft yana ba da gigabait 5 kyauta. Ka tabbatar ka haddace kalmar sirrinka da kanka. Ɗalibai da yawa a shago aka buɗe musu imel lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a, wayarsu ce kawai ta san kalmar sirrin, kuma sai sun zauna gaban kwamfutar makaranta suke gane ba za su iya shiga ba. Ka gyara wannan tun a ɗaki, ka sa lambar wayar da kake amfani da ita yanzu a matsayin hanyar dawo da asusun.

Mataki na uku: ka adana kafin ka fara rubutu

Wannan shi ne matakin da aka fi sakaci da shi. Ɗalibi ya buɗe Microsoft Word, ya shiga rubutu, ya yi awa biyu, yana nufin sai ya gama zai adana, sai a ɗauke wuta. Tsarin da ya dace shi ne akasin haka. Da zarar ka buɗe sabon shafi, ka danna maɓallin F12, wanda zai buɗe maka akwatin Save As. A gefen hagu ka nemi filash ɗinka da sunan da ka ba shi, ka shiga foldar da ka tanada, ka rubuta sunan fayil, ka danna Save. Sai bayan nan ne za ka fara aiki. Daga nan kuma ka mayar da danna Ctrl da S tare ya zama al'adar yatsunka: ƙarshen kowane sakin layi, bayan kowane jadawali, da duk lokacin da ka ɗaga kai daga allo.

Ana yawan tambaya ko ya fi kyau a yi aiki kai tsaye a kan filash ko a kwafo fayil ɗin cikin kwamfuta. Kowanne yana da haɗarinsa. Idan kana aiki a kan filash aka ɗauke wuta daidai lokacin da kwamfuta ke rubutawa, ko wani ya buge shi da gwiwa, fayil ɗin na iya lalacewa. Idan kuma kana aiki a cikin kwamfutar da ke goge komai bayan an kashe ta, ɗauke wuta na nufin aikin ranar ya tafi gaba ɗaya. Shawarar da na fi gamsuwa da ita ita ce wannan: a farkon kowane zama ka kwafi fayil ɗin jiya a cikin filash ɗin, ka ba sabon kwafin kwanan watan yau, ka yi aiki a kansa, na jiya kuma kada ka taɓa shi. Ta haka ko da na yau ya lalace, asararka ba za ta wuce aikin yini ɗaya ba. Idan kuwa ma'aikacin ya tabbatar maka kwamfutar ba ta goge komai, za ka iya yin aikin a cikinta, amma ka riƙa kwafewa zuwa filash duk bayan rabin awa.

Word yana da wata kariya da ake kira AutoRecover, wadda a tsarinta na asali take ajiye kwafin gaggawa duk bayan minti 10. Za ka iya rage wannan lokaci zuwa minti 2 ko 3 idan ka shiga File, sai Options, sai Save. Amma ka san cewa wannan kwafi a cikin kwamfutar yake zama, ba a filash ɗinka ba, don haka a kwamfutar da ke wanke kanta shi ma yana tafiya tare da sauran. A wannan shafin dai akwai wurin da za ka sauya inda ake ajiye shi ka nuna filash ɗinka, idan ba a kulle saitin ba. Ko ka yi hakan, kada ka dogara da shi ka bar danna Ctrl da S.

Akwai wani tarko da ya kamata a tsaya a kansa. Malamin da ke duba kundinka ya turo maka babi na biyu da gyare-gyare ta imel, ka buɗe imel ɗin a kwamfutar makaranta, ka danna fayil ɗin, ya buɗe, ka danna Enable Editing a kan layin rawayan da ke sama, ka shiga gyara, kana ta danna Ctrl da S da kyakkyawar niyya. A tunaninka aikin yana adanuwa, kuma gaskiya ne yana adanuwa, sai dai a foldar Downloads ta wannan kwamfutar, ko a wata foldar wucin gadi da ba ka san hanyarta ba. Fayil ɗin da ke cikin imel ɗinka kuwa yana nan yadda malam ya turo shi, ko waƙafi bai sauya ba. Washegari ka buɗe imel a wata kwamfutar ka tarar babu gyara ko ɗaya. Saboda haka duk fayil ɗin da ka sauko da shi daga imel ko WhatsApp, abu na farko shi ne F12, ka kai shi filash ɗinka da sabon suna, sannan ka fara gyara.

Mataki na huɗu: suna da tsari

Ka buɗe folda ɗaya ga kowane zango, a cikinta kuma folda ɗaya ga kowane kwas, kundin bincike ya samu tasa daban. Sunan fayil ya faɗi abin da ke ciki da ranar da aka yi shi, misali Kundi-Babi2-2025-03-14. Idan ka fara da shekara, sai wata, sai rana, kwamfuta za ta jera maka su daga tsoho zuwa sabo da kanta. Ka guji sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaskiya", domin bayan wata guda kai kanka ba za ka san wanne ne aka kai wa malam ba. Windows ba ya karɓar wasu alamomi a sunan fayil, daga ciki akwai / da : da ? da *, don haka kada ka rubuta kwanan wata da layin karkace. Ya fi aminci kuma ka bar haruffa masu lanƙwasa a cikin rubutun, sunan fayil ɗin ka yi shi da haruffan da kowace kwamfuta ta sani. Idan jinga ce za a tura wa malami, ka sa lambar rajistarka a farkon sunan, domin shi yana karɓar fayiloli da yawa masu suna iri ɗaya.

Mataki na biyar: ka ɗora kwafi a intanet

Idan ɗakin yana da intanet, kada ka buɗe burauza, wato manhajar shiga intanet, yadda aka saba ka shiga asusunka. A Chrome ko Edge ka danna Ctrl da Shift da N tare, a Firefox kuma Ctrl da Shift da P, sai wata taga ta sirri ta buɗe, wadda ba ta riƙe tarihin shafukan da ka shiga ko bayanan shigarka bayan ka rufe ta. A cikinta ka shiga drive.google.com, ka sa imel da kalmar sirri. Idan burauza ta tambaye ka ko ta riƙe maka kalmar sirrin, ka ƙi. Idan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wanda ya kamata kowa ya kunna, za a turo saƙo zuwa wayarka, don haka ta kasance a kusa da caji a cikinta.

Bayan ka shiga, ka rufe fayil ɗin a Word tukuna, sannan ka danna New, sai File upload, ka zaɓo shi daga filash. Ka jira har ƙaramin akwatin da ke ƙasa ta dama ya nuna an kammala. A nan ne gaggawa ke cutar da mutane: sabis yana tafiyar hawainiya, ana kiran salla ko lokacin lacca ya yi, sai ɗalibi ya rufe tagar alhali fayil ɗin bai gama hawa ba. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ita ce ka buɗe Drive a wayarka ka ga fayil ɗin da idonka. Wanda bai saba da Drive ba zai iya tura wa kansa fayil ɗin ta imel, in dai bai wuce megabait 25 ba, wanda shi ne iyakar abin da Gmail ke ɗauka a saƙo ɗaya. Wannan hanya tana da wata fa'ida, domin kowane saƙo yana ɗauke da ranarsa da lokacinsa, abin da zai iya zama hujja idan aka yi jayayya a kan wanda ya fara rubuta wani aiki.

Inda intanet ke da ƙarfi kuma ba ya yankewa, rubutu kai tsaye a Google Docs, manhajar rubutu ta Google da ke aiki a intanet, yana kawar da yawancin wannan wahala, domin yana adana kowace kalma yayin da kake bugawa kuma yana riƙe tarihin sauye-sauye. Sai dai idan sabis ya yanke a kwamfutar da ba taka ba, aikin zai tsaya, kuma tsarin shafi da jadawali kan ɗan sauya idan aka mayar da shi Word, don haka a sake dubawa kafin a buga.

Idan babu intanet a ɗakin, wayarka ce ma'ajiya ta biyu. Ka haɗa ta da kwamfuta da igiyar caji mai ɗaukar bayanai, ka ja labulen sanarwa na wayar daga sama, ka zaɓi File transfer, sai ta bayyana a kwamfuta kamar filash. Ka kwafa fayil ɗin cikin foldar Documents ta wayar, daga baya idan ka samu sabis ka ɗora shi a Drive da datarka. Fayil ɗin rubutu ba ya cin data mai yawa. Masu amfani da WhatsApp a kwamfuta za su iya tura wa kansu fayil ɗin, amma su tura shi a matsayin takarda, domin hoton da aka tura a matsayin hoto yana rage inganci, kuma taswira ko zanen da ke cikinsa zai dushe.

Ga aikin rukuni, a daina dogara ga filash ɗin mutum ɗaya, wanda idan ya yi tafiya gida ranar Juma'a aikin kowa ya tsaya. A buɗe folda ɗaya a Drive, a ba 'yan rukunin izinin gyara ta adireshin imel ɗinsu, a kuma amince da mutum ɗaya da zai haɗa kwafin da za a miƙa.

Abin da ya shafi masu rubutu da Hausa da masu manhajoji na musamman

Ɗaliban Hausa suna da wata matsala ta daban. Wanda ya buga aikinsa da tsofaffin salon haruffa irin su Rabi'at, idan ya buɗe shi a kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai ya ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma baka-baka da wasu alamomi, shafi ya zama abin da ba ya karantuwa. Aikin bai lalace ba, salon haruffan ne babu. Don haka ka ajiye fayil ɗin salon a cikin filash ɗinka tare da aikin, kuma duk abin da za ka kai a buga ka mayar da shi PDF tun a kwamfutar da yake fitowa daidai, ta hanyar F12 da zaɓar PDF a ƙarƙashin nau'in fayil. PDF yana riƙe haruffa da tsarin shafi yadda ka bar su. Amma ka riƙe na Word ɗin ma, domin shi ne za ka iya gyarawa idan malam ya dawo da aikin.

Masu amfani da SPSS, manhajar nazarin alƙaluman bincike, su tuna cewa bayanan da suka shigar da sakamakon lissafin fayiloli biyu ne daban, ɗaya mai ƙarewa da sav ɗaya da spv, kuma kowanne sai an adana shi da kansa. Masu rubuta manhaja ko shafin intanet su kwashe foldar aikin gaba ɗaya, su matse ta ta zama zip kafin su ɗora, domin fayil guda da aka ciro daga cikinta ba zai yi aiki shi kaɗai ba.

Bairos mai ɓoye folda

Duk wanda ya kai filash shagon buga takardu a lokacin miƙa kundi ya san wannan ciwo. Ka dawo ka sa filash, sai ka ga foldojinka sun koma wasu gumaka masu ƙaramar kibiya a gefen ƙasa, kowanne girmansa bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba, alhali kwamfuta tana nuna filash ɗin a cike yake. Kada ka danna su, domin dannawar ce ke kunna bairos ɗin a kwamfutar da kake kai, kuma kada ka yi gaggawar wanke filash ɗin, wato goge duk abin da ke cikinsa. A mafi yawan lokuta fayilolinka suna nan, ɓoye su kawai aka yi. Ka kai shi kwamfutar da ke da manhajar kariya mai sabuntawa, ka danna shi da gefen dama ka zaɓi a bincika shi. Bayan haka ka buɗe Command Prompt, wato baƙar tagar da ake rubuta wa Windows umarni a cikinta, ka duba harafin da kwamfuta ta ba filash ɗin, idan E ne ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter. Foldojin za su bayyana. Ka kwashe takardunka zuwa wuri mai tsabta, sannan ka wanke filash ɗin, ka mayar da su.

Rigakafin ya fi sauƙi. Ka ware wani ƙaramin filash mai arha don zuwa shago kawai, wanda ba ya ɗauke da komai sai PDF ɗin da za a buga a ranar, ko kuma ka tura wa mai shagon PDF ɗin ta WhatsApp ko imel. Babban filash ɗin da ke ɗauke da aikinka na shekaru bai kamata ya riƙa shiga duk kwamfutar da ka samu ba.

Mataki na shida: yadda ake tashi daga kujera

Ka ware minti biyar na ƙarshe don wannan, kuma ka bi shi a jere, domin jerin yana da muhimmanci. Ka danna Ctrl da S, ka rufe fayil ɗin. Ka buɗe filash ka dubi fayil ɗin yau: lokacin da aka nuna a gefensa ya dace da yanzu, girmansa kuma ba sifili ba ne. Ka sake buɗe shi daga can, ka gangara har ƙarshe ka ga jimlar da ka rubuta ta ƙarshe, sannan ka rufe. Ka tabbatar kwafi na biyu ya hau Drive ko ya shiga waya. Sai bayan ka ga kwafi biyu da idonka ne za ka goge abin da ka bari a kwamfutar, a Desktop da Documents da Downloads, sannan a kwandon shara. Tagar sirri ba ta goge fayilolin da ka sauko da su, suna nan a Downloads har sai ka cire su da hannunka. Wannan ya fi muhimmanci idan takardun sun ƙunshi takardar shaidar samun gurbin karatu, ko rasidin biyan kuɗin makaranta, ko lambar NIN, ko hoton fasfo, domin da irin waɗannan ake yi wa mutane zamba.

Lokacin gogewa ka lura da tagar da kake ciki, saboda abin da aka goge daga filash ba ya zuwa kwandon shara, tafiya yake kai tsaye. Daga nan ka fita daga asusun Google da WhatsApp, ka rufe duk tagogin burauza, ka danna ƙaramar alamar filash da ke kusa da agogo ka zaɓi Eject, ka jira saƙon da ke cewa za ka iya cirewa. Idan kwamfuta ta ce ana amfani da shi, akwai wani fayil da bai rufu ba. Ka nemo shi ka rufe maimakon ka fizge. Idan da sunanka ka shiga kwamfutar, ka fita daga ciki kafin ka miƙe.

Takardar da ke ɗauke da sirri, kamar bayanan mutanen da ka yi hira da su a bincikenka, za ka iya kulle ta a Word ta File, sai Info, sai Protect Document, sai Encrypt with Password. Ka rubuta kalmar sirrin a wuri amintacce, domin idan ka manta ta kamfanin Microsoft ma ba zai buɗe maka ba.

Idan duk da haka an samu matsala

Idan an ɗauke wuta ko kwamfuta ta sandare, ka koma kan wannan kwamfutar dai, ba wata ba, ka buɗe Word ka dubi gefen hagu ko ya kawo jerin takardun da ya ceto. Idan bai kawo ba, ka shiga File, sai Info, sai Manage Document, sai Recover Unsaved Documents. Duk abin da ka samu ka adana shi nan take da sabon suna. Idan ka san ka adana amma ba ka san inda ya shiga ba, jerin takardun baya-bayan nan da ke ƙarƙashin File da Open zai nuna maka foldar da kowanne yake. Idan daga filash ka goge abu bisa kuskure, ka cire shi nan da nan, kada ka ƙara ajiye komai a ciki, domin sabon fayil na iya hawa kan gurbin tsohon. Manhajoji irin su Recuva sukan dawo da abin da aka goge matuƙar ba a rubuta wani abu a kansa ba. Abin da aka goge daga Google Drive kuwa yana zama a kwandonsa har kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya.

Idan kuma sai da ka isa ɗakin kwana ka tuna ba ka fita daga asusunka ba, ba sai ka koma ba. Ka buɗe saitin asusun Google a wayarka, ka shiga sashen tsaro, ka nemi jerin na'urorin da aka shiga da asusun, ka zaɓi kwamfutar makarantar ka fitar da ita, sannan ka sauya kalmar sirri. A WhatsApp ka shiga Linked devices, ka danna sunan kwamfutar, ka zaɓi Log out. Idan filash ne ka manta a jikin kwamfuta, ka je wurin ma'aikacin ɗakin da sassafe kafin aji na farko ya shiga, kuma kafin ka sake amfani da shi ka bincika shi da manhajar kariya.